Kazar kamfani ko ta masu kiwon tsatso: wace yaro zai kai gasa?

Baban Amira (Ohio): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman waɗanda suka san harkar kaji su warware mini wani abu. 'Yata mai shekara 10 tana cikin ƙungiyar 4-H ta gundumarmu a nan Amurka, wato ƙungiyar yara masu koyon noma da kiwo, kuma kiwon kaji ta zaɓa. A watan Maris muka sayi 'yan tsaki daga wani babban kamfanin ƙyanƙyasa, aka aiko mana su ta gidan waya, takarda ta ce Rhode Island Red ne. Yarinyar nan ba ta yi wasa da su ba. Ita ke ba su ruwa kafin ta tafi makaranta, ita ke share akurki, ita ke rubuta kuɗin abinci a littafinta. Da aka zo bajekolin gunduma, alƙali ya ɗaga kazarta ya jujjuya, ya ce lafiyayya ce kuma ta sha kulawa, amma launinta ya yi haske, jikinta ya yi kaɗan, wutsiya kuma ta cika miƙewa sama. Farin kintinkiri ya ba ta, wato mataki na ƙasa. A kejin da ke kusa akwai wata kaza, ita ma wai Rhode Island Red, jar ta har ta kusa komawa baƙa, ga faɗi ga tsawo. In ka gan su tare ba za ka ce iri ɗaya ba ne. To kamfanin nan cutarmu ya yi?

Hajiya Mai Kaji (Kano): Wa alaikumus salam. Malam an cuce ku, babu wata magana. Mu nan mun sha gani. Ka sayi kwalin 'yan tsaki 50 a hannun dillali a ce maka na nama ne, sai an yi sati uku kana zuba abinci ka ga ashe zakarun masu ƙwai ne aka haɗa ka da su. Ashe har Amurka ana yi. Allah ya ba yarinya haƙuri.

Dakta (Minnesota): Hajiya a yi haƙuri, wannan daban ne da abin da kike faɗa. Naki zamba ce, an sayar miki da wani abu da sunan wani. Shi Baban Amira abin da ya biya shi aka ba shi, sai dai ba a gaya masa cewa suna ɗaya yana rufe da kaji biyu ba.

Ga yadda abin yake. Kamfanin ƙyanƙyasa 'yan tsaki yake sayarwa, kuma yawan tsako daga yawan ƙwai yake fitowa. Don haka a garkensa na iyaye, kazar da ta fi zuba ƙwai ita ce 'ya'yanta suka fi yawa a zuriya ta gaba, ko da babu wanda ya zauna ya zaɓe ta. Kaji ɗaruruwa ake sakewa a ɗaki ɗaya da zakaru, kusan zakara ɗaya ga kaji goma, kowa ya bi wadda ya samu. In aka yi shekaru ana haka, kazar sai ta riƙa ƙanƙancewa, ta riƙa fara ƙwai da wuri, ta daina kwanci, launi ya kwashe. Babu mai duba ko jar ta yi duhu, don duhun ja ba ya ƙara ƙwai ko ɗaya.

Shi kuwa mai kiwon tsatso, zakara ɗaya yake ware wa kaza ɗaya ko biyu, ya san uwar kowane tsako da ubansa. Zai ƙyanƙyashe da yawa, ya rene su, ya ajiye 'yan kaɗan, saura su tafi tukunya ko kasuwa. Ma'auninsa littafin Standard of Perfection ne na ƙungiyar American Poultry Association, wadda aka kafa a 1873, ta fitar da ma'auninta na farko a 1874. Da wannan littafin alƙalin da ya duba kazar Amira yake aiki. A cikinsa zakaran Rhode Island Red laba 8 da rabi ne, kusan kilo 4, babbar kaza laba 6 da rabi, sagara laba 5 da rabi. Ana son jiki dogo mai kusurwa huɗu, gadon baya a shimfiɗe, ja mai duhu mai sheƙi, wutsiya baƙa mai ɗaukar kore. Kazar kamfani da wuya ta cika waɗannan, amma in ana maganar ƙwai za ta bar waccan ta kejin kusa a baya.

Baban Amira (Ohio): Na gode Dakta. To me ya hana su rubuta haka a shafinsu? Hoton da suka sa irin mai duhun ce.

Dakta (Minnesota): A nan ina tare da kai. Wasu kamfanonin suna rubutawa cewa ba su ba da tabbacin kajinsu za su dace da gasa ba, amma a ƙasa can inda ba kowa ke karantawa ba. Inda abin ya fi ciwo shi ne kajin nan masu shuɗin ƙwai. Ana sayar da gauraye da sunan da ya yi kama da Ameraucana, yaro ya rubuta Ameraucana a takardar shiga gasa, alƙali ya zo ya ce wannan ba ta cikin kowane launi da aka amince da shi, ya fitar da ita gaba ɗaya. Haka irin kazar da ake kira Silkie: yatsu biyar ake so, in aka samu huɗu ta fita. Ɗan gashi a ƙwaurin kazar da ya kamata ƙafarta ta zama fes, ko ɗan tsiro a gefen zanko, ko wutsiya karkatacciya, duk suna fitar da kaza. Amira ma ta ci sa'a ba a fitar da tata ba.

Malam Mai Ritaya (Zariya): Ina karanta ku tun ɗazu, raina bai kwanta ba. Na yi aikin malamin gona har na ajiye, kuma a iya sanina kaza abu biyu ake nema a wurinta, ƙwai da nama. Yarinya ta reni kaza lafiyayya wadda Dakta da bakinsa ya ce ta fi ƙwai, sai a ba ta na ƙarshe don jar ba ta yi duhu ba? Me ake koya wa yaro ke nan? A nan Shika, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta shafe shekaru tana zaɓe kafin ta fitar da kazar Shika Brown, kuma abin da aka duba shi ne yawan ƙwai da jure zafinmu. Da ni ne alƙali, kazar Amira zan ba ta ɗaya. Wannan kallon gashi wasan masu ƙoshi ne.

Maman Khalil (Texas): Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka gaskiya ce, kuma su ma sun san da ita, shi ya sa gasar ba ɗaya ba ce. Akwai rukunin masu ƙwai, inda alƙali ba ruwansa da launi. Yatsunsa yake sawa ya auna faɗin ƙashin ƙugu, ya ji ko yatsa uku za su shiga, ya taɓa ciki ya ji laushi, ya duba ko rawayar ƙafa da ta baki ta kwashe, alamar kazar tana zuba ƙwai. A wannan rukunin kazar kamfani ce sarauniya. Akwai na kajin nama. Akwai kuma wanda yaron ake dubawa, kazar abin aiki ce kawai. Dokin sukuwa aka kai hawan Sallah, shi ya sa bai yi kyau a idon masu kallo ba. Da a filin sukuwa aka sa shi da wani labarin ake.

Baban Amira, wa ya cike muku takardar shiga? Shugabar ƙungiyarku ya kamata ta duba kazar tun kafin ranar.

Baban Amira (Ohio): Shugabarmu mutuniyar kirki ce, amma ita zomaye da awaki ta sani. Yaran da ke kiwon kaji a ƙungiyar ba su da yawa.

Maman Khalil (Texas): Haka abin yake a wurare da yawa, duk 'yan sa-kai ne. Ka nemi ofishin malaman gona na gundumarku, su ke riƙe da 4-H a ƙarƙashin jami'ar jiha. Ku a Ohio ma a gida kuke, don a gundumar Clark ta jiharku A. B. Graham ya fara tara yaran ƙauye a 1902, abin da ya zama tushen ƙungiyar. Ba za a rasa tsohon hannu a kaji kusa da ku ba.

Mu nan Texas kajin nama ɗana yake yi. A manyan gasanni irin na Houston ba ka da zaɓin inda za ka sayi tsako. Ta sashen nazarin kaji na jami'ar Texas A&M ake yin oda, duk yara su karɓa lokaci guda daga ƙyanƙyasa ɗaya, kowane tsako da lamba a fiffikensa. Wajen sati shida ake renonsu, sannan yaro ya zaɓi uku da suka fi kama da juna a faɗin ƙirji da tsawonsa. In biyu sun yi kyau ɗaya ta gaza, ta ja sauran ƙasa. Ni wannan tsarin ya fi kwanta mini, don tsakon ɗan mai kuɗi da na ɗan talaka daga tire ɗaya suka fito. Waɗanda ba mu kai gasa ba mu yanka abinmu da bisimilla, mu cika firiza, har maƙwabta su samu.

Abu Fahad (Indiana): Anti, ki bar ni in ɗan ja da ke. Tire ɗaya ne, amma wani uban zai yi odar 25, wani ya yi 100. Wanda ke zaɓen uku cikin ɗari ai ya fi mai zaɓe cikin ashirin da biyar damar samun masu kama. Ga ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ga abinci mai tsada, ga uban da ke tashi cikin dare yana motsa kajin don su ci. Kuɗi dai sun shigo ta taga.

Kuma abin da nake tsoro a shawarar da na ga za a ba Baban Amira ke nan. Za a ce ya je wurin mai kiwon tsatso ya sayi kaza. Na ga iyayen da ke sayen kaza ta riga ta girma, an gama mata komai, ana saura kaɗan ranar rufe rajista, yaro ya riƙe ta 'yan makonni ya karɓi shuɗin kintinkiri, wato mataki na sama. Wanda ya reni tasa tun tana tsako yana tsaye yana kallo. Ni ban yarda wannan tarbiyya ce ba. Gara Amira ta ci gaba da kajinta na kamfani, ta san abin da ta samu guminta ne.

Maman Khalil (Texas): Ƙanena ban musa ba, akwai masu yin haka. Amma a Houston ko da kajin yaro sun yi tsada a gwanjo, akwai iyakar abin da zai karɓa, saura asusun tallafin karatu yake tafiya. Sun san halin mutane, suna ƙoƙarin toshewa.

Dakta (Minnesota): Abu Fahad, laifin da ka ambata na iyaye ne, kada mu ɗora shi a kan kaza mai kyau. Tsakanin sayen kazar da aka gama wa komai da zama da tsakon kamfani akwai hanya mai faɗi. A sayi ƙwai ko 'yan tsaki daga mai kiwon tsatso, ko zakara ɗaya da kaji biyu, yarinya ta ƙyanƙyashe nata. Kwana 21 ne. Daga nan aikin ya fi na da wuya, domin ko 'ya'yan zakaran da ya ci gasa ba duka ke fitowa da kyau ba. Ita za ta zauna da littafi a hannu tana duba wannan zankonsa ya karkace, wannan bayanta gajere ne, wannan ita ce. Yaron da ya koyi zaɓe ya koyi kiwo. Ciyarwa da share akurki rabin aikin ne.

Baba Malam, a nan nake so in dawo kan maganarka. Ma'aunin nan ba gashi kaɗai yake dubawa ba, siffar jiki ta fi launi nauyi a wurin alƙali. Dogon bayan nan da zurfin ƙirji an rubuta su ne a zamanin da kaza ɗaya ke ba gida ƙwai, in ta tsufa ta ba da nama mai auki. Yau kasuwar Amurka ta koma kan 'yan tsirarun jinsuna na kamfanoni, fari na nama da masu ƙwai. Tsofaffin irin suna hannun waɗannan masu kiwon na bayan gida, yawancinsu dattawa. In yara ba su karɓa ba, irin zai tafi tare da su. Kuma jajayen kajin ƙwai da Hajiya ke sayarwa a Kano, irin su ISA Brown, da jinin Rhode Island Red aka gina su. Rumbun da aka ɗebo iri daga cikinsa bai kamata a bar shi ya rushe ba.

Malam Mai Ritaya (Zariya): Maganar adana iri na karɓa, Dakta, don ina ganin yadda kajinmu na gida ke narkewa cikin maja a ƙauyuka, babu mai rubuta komai. Amma har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya. Yaro ɗan shekara 10 ba a fara masa da hukuncin da ya fi ƙarfin aikinsa. Abin da ke hannunsa shi ne tsabta, ciyarwa, lura da ciwo, riƙe lissafi. A auna shi a kan waɗannan. Jinin kaza ba shi ya zuba mata ba.

Maman Khalil (Texas): Baba, abin da ka siffanta akwai shi, shi ne rukuni na uku da na ambata. Yaro zai zo da farar riga mai dogon hannu, ya fito da kazar daga keji da kai a gaba don kada fiffike ya karye, ya ɗora ta a tafin hannu ƙafafunta tsakanin yatsunsa. Ya buɗe fiffike ya nuna, ya nuna ido da baki da ƙafa da ƙashin ƙirji, ya tsayar da ita a tebur. Alƙali ya yi ta tambaya: wane iri ce, daga wane rukuni, me take ci, kwana nawa ƙwai ke yi, wace cuta ka sani. Har yakan ce, faɗa mini aibin kazarka. Yarinyar da za ta ce launinta ya yi haske, nauyinta bai kai ba, wutsiyarta ta yi sama, ta ci maki ke nan da abin da ya kayar da ita a wancan rukunin. Na ga yara sun ci wannan da kazar da ba ta kai dala biyar ba tana tsako.

Abu Fahad (Indiana): Wannan kam ba ni da ja. A 2015 da murar tsuntsaye ta sa jihohi irin su Ohio da Minnesota suka hana kai kaji bajekoli, wannan rukunin ne ya rayu. Yara suka riƙa zuwa da hotuna da kajin roba ko na tsumma suna nuna abin da suka sani.

Dakta (Minnesota): Tunda an taɓo cuta, Baban Amira ka riƙe wannan kafin ka sayi komai a hannun mutum. A nan manyan kamfanoni sun fi ƙananan masu kiwo da yawa. Kusan duk suna cikin shirin NPIP, wanda aka fara a 1935 don kawar da cutar pullorum mai kashe 'yan tsaki ta cikin ƙwai, kuma za su yi wa tsako rigakafin cutar Marek ranar da ya fito in ka biya 'yan canji. Mai kiwon bayan gida wani yana cikin shirin, wani ba ya ciki, kuma da yawa ba sa rigakafin Marek. Ka tambaye shi takardarsa. In babu, a jihohi da yawa sai an ɗebi jinin kazar an gwada cikin kwana 90 kafin gasa. Sabuwar kaza kuma, ko wadda ta dawo daga bajekoli, a ware ta wata guda kafin ta haɗu da sauran. Wanke hannu bayan taɓa kaji dole ne saboda ƙwayar cutar salmonela, kuma ƙannenta da ba su kai shekara 5 ba kada su riƙa ɗaukar 'yan tsaki.

Baban Amira (Ohio): Allah ya saka da alheri. A unguwarmu doka ta hana ajiye zakara, don haka ƙyanƙyasa a gida sai dai mu sayi ƙwai. Wane lokaci ya dace, kuma a ina ake samun mutanen nan?

Dakta (Minnesota): Lokaci yana cikin abin da ya rage wa kazarku girma. Tsakon Maris bai gama cika ba a watan Yuli ko Agusta, balle na tsatso da ya fi jinkirin girma. Manyan kaji a ƙyanƙyashe su a Janairu ko farkon Fabrairu. In hakan zai yi wuya saboda sanyi, ku duba ƙananan nan da ake kira bantam. Suna saurin cika, ba sa cin wuri, kuma sun dace da hannun yarinya. Akwai Rhode Island Red a cikinsu in ita take so.

Mutanen kuwa suna bakin ƙofarka. Duk watan Nuwamba ana yin gasar Ohio National a Columbus, tana cikin mafi girma a ƙasar, kaji dubbai, da wurin saye da sayarwa. Ku je da sassafe ranar farko. Ka bar Amira ta yi tambayar da bakinta, ta ce tana 4-H. Dattawan nan da yawa suna sassauta wa yara farashi, wani ma ya ba ta lambarsa ta riƙa kiransa in ta ga abin da ba ta gane ba.

Abu Fahad (Indiana): Amma Yaya kada a raba ta da kajinta na yanzu. Ta kai su rukunin masu ƙwai baɗi, za su kai lokacin suna tsakiyar zubawa.

Hajiya Mai Kaji (Kano): To na janye maganar cuta, amma hoton nan da suka sa har yanzu bai yi mini ba. Ni wani abu ne ya tsaya mini a rai. Tsarin da Maman Khalil ta faɗa, na raba wa yara tsaki daga kwali ɗaya rana ɗaya, ai ba sai Amurka ba. Muna da ƙungiyar matasa manoma a makarantu da, yanzu sai suna. Akwai firamare kusa da gidan gonata, zan iya ba da kwali ɗaya na 'yan tsakin Noiler, yara goma kowa biyar, bayan wata uku a taru a duba. Malam, in an yi haka za ka zo ka yi mana alƙalanci?

Malam Mai Ritaya (Zariya): Zan zo in Allah ya yarda, Hajiya, amma da sharaɗi. Kada ki ba yara tsakon kwana ɗaya, zai mutu a hannunsu su karaya. Ki riƙe su a wurinki sati huɗu, su sha ɗumi, a yi musu rigakafin Gumboro da Lasota, sannan a raba. Kowane yaro a ba shi littafi ɗan ƙarami ya riƙa rubuta abin da suka ci da ranar da wani ya yi rashin lafiya, littafin nan zan fara dubawa kafin in taɓa kaza. Kuma ki zauna da iyayen tukuna a yi magana a kan wanda zai sayi abinci, don buhu ɗaya ba zai kai su wata uku ba.

Hajiya Mai Kaji (Kano): Abincin wata na farko a kaina. Na sauran zan ji ta bakin shugaban makarantar ranar Litinin, in ya amince sai a sa rana bayan hutu.